KAFIN A NEMI JARI, A SAN DALILIN SANA'A

Wannan shi ne jawabin da aka shirya domin azuzuwan yaƙi da jahilci na maza da na mata a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe. An buga shi dukkansa domin masu koyarwa su karanta wa ɗalibansu, su kuma tattauna a kansa.



In kaka ta yi, kuɗi kan shigo hannun mutanen karkara. Wani ya sayar da gero da wake, wani ya sayar da shinkafa, wata ta kwashi adashinta, wani saurayi kuma ya dawo daga nema da ɗan abin da ya tara. A daidai wannan lokaci ne ake yawan jin mutum ya ce, "Ni ma sana'a zan kama." Wannan niyya ce mai kyau, domin mutuncin mutum yana tare da abin hannunsa. Amma duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Tambuwal ko ta Dogon Daji ko ta Kuchi ya san abin da kan biyo baya. Teburin da aka kafa da kaka, kafin ruwan farko ya sauka an mayar da shi ɗaki. Tireda ta koma kwalaye babu kaya. Babur an sayar an biya bashi. In aka tambayi mai shi, amsar ɗaya ce: jari ne ya yi kaɗan.

JARI YA SHA ZUWA

Gaskiya ne ƙarancin jari matsala ce. Sai dai jari ya sha zuwa ƙasar nan. A shekarar 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Bankin Jama'a domin bai wa talakawa ƙaramin rance ba tare da jingina ba. A 1990 aka fara bankunan al'umma. A 1997 aka fito da shirin FEAP na tallafa wa iyali. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, nan kusa. A 2018 aka raba wa ƙananan 'yan kasuwa rancen Naira 10,000 kowanne a ƙarƙashin shirin TraderMoni.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai waɗanda suka amfana, suka tashi da ƙafafunsu. Akwai kuma masu yawa da suka karɓa, kuɗin ya bi iska, bashi ya rage a wuyansu. Wasu ambaliya ce ko fari ya karya su, wasu kuɗin bai iso musu a kan lokaci ba, waɗannan suna da uzuri. Amma sau da yawa mutum biyu ne 'yan gari ɗaya, suka karɓi kuɗi iri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya tsaya ɗaya ya faɗi. In aka bi diddigi, sai a tarar na farko tun kafin kuɗin ya zo ya san abin da yake so ya yi da rayuwarsa. Na biyu kuwa sai da kuɗin ya shiga aljihu sannan ya fara tunani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

"NEMAN KUƊI" BAI ISA AMSA BA

In aka tambayi mutum goma dalilin da ya sa suke son sana'a, tara za su ce neman kuɗi. To, kowa neman kuɗi yake yi, har ɓarawo. Wannan amsa ba ta gaya wa mutum irin sana'ar da zai kama, ba ta gaya masa nawa zai ajiye, ba ta kuma hana shi taɓa uwar kuɗi ranar da aka yi masa gayyar biki.

Dalilin da ake nufi shi ne wanda mutum zai iya faɗa a magana ɗaya, ƙaramin yaro ya ji ya gane. Ga irinsu:

Magidanci ya ce yana son kada hatsin gidansa ya ƙare a tsakiyar damina har ya ci bashin da za a biya da kaka.

Matar aure ta ce tana son ta haɗa kayan ɗakin ɗiyarta ba tare da an sayar da gona ba.

Wadda mijinta ya rasu ta ce tana son marayunta su gama makaranta.

Saurayi ya ce yana son ya daina tafiya cin rani, ya zauna kusa da iyayensa da suka tsufa.

Manomin fadama ya ce yana son injin ban ruwa na kansa, ya huta da haya.

Dattijo ya ce yana son ya sauke farali kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Babu wanda ya fi wani a cikin waɗannan. Abin da ake bukata shi ne dalilin ya zama na mai shi, daga halin gidansa ya fito. Wanda ya buɗe shago don ya ga sa'ansa ya buɗe, dalilin wani ya ara. Kowa ya daka rawar wani, zai rasa turmin daka tasa.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Malamai sun sha ba da labarin Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda. Ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 ta Miladiyya, ya bar dukiyarsa a Makka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin masu hali na Madina. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu. Ba a daɗe ba ya yi aure da guminsa, ya ba da sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino. Daga baya ya zama cikin manyan attajiran Sahabbai, kuma cikin masu yawan ciyarwa.

A lura da kyau. An miƙa masa jari mai yawa kyauta, bai karɓa ba, domin ya san abin da yake nema: ya ɗauki nauyin kansa, kada ya zama kaya a kan wanda ya sauke shi. Wannan ne ya kai shi kasuwa, wannan ne kuma ya sa bai raina cuku da man shanu ba.

A nan ƙasar Sakkwato ma sananne ne cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan tufka igiya a sayar, ya ci daga guminsa. Ba don ya tara dukiya yake tufka ba. Malamin da ke ci daga hannunsa yana iya faɗar gaskiya ba ya jin nauyin kowa. Garin Tambuwal kansa ɗan Shehu ne, Muhammadu Buhari, ya zauna a cikinsa a matsayin ribaɗi, don haka wannan gado na gida ne.

Akwai kuma misali daga nesa. A ƙasar Bangaladash, a shekarar 1976, wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya shiga ƙauyen Jobra, ya tarar da mata masu saƙa kujeru da gora. Ba su da kuɗin sayen gorar, sai su karɓa a hannun 'yan kasuwa bisa sharaɗin su sayar musu da kujerun a farashin da 'yan kasuwar suka yanka. Ya ƙidaya mutum 42, duk abin da suke bukata bai wuce dala 27 ba. Ya ba su rance daga aljihunsa, suka kuma biya. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali, aka kafa shi a 1983, kuma a 2006 aka ba Yunus da bankin lambar yabo ta Nobel. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai, amma ya yi aiki domin masu karɓa suna da sana'a a hannu, kuma sun san ainihin abin da ke shaƙe su. Manomin da ke cin bashi da damina ya biya da buhu a kaka ba sai an yi masa dogon bayani ba.

DALILI NE KE ZAƁEN SANA'A

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega. Motoci ba su yankewa, baƙi na sauka. Kebbe kuwa tana can ciki, kusa da iyakar Zamfara da Kebbi, ƙarfinta noma ne da kiwo da fadama. Abin da ya karɓi mai tebur a bakin titin Tambuwal ba lallai ne ya karɓi mutumin ƙauyen Kebbe ba. Bayan wannan kuma, kowace sana'a da irin lokacin da take kawo kuɗi.

Wanda dalilinsa cefanen yau da kullum ne, sana'ar da ke juyawa kullum ta dace da shi: shayi, ƙosai, fura, kayan miya, faci, aski. Ribar kaɗan ce, amma kowace yamma ana ganinta.

Wanda dalilinsa babban abu ne na shekara, kamar aure ko gyaran ɗaki ko kuɗin makaranta, yana iya turke rago ko sa ya sayar gab da Babbar Salla, ko ya sayi hatsi da kaka ya ajiye, ko ya adana albasa har ta yi daraja. Sai dai mai wannan dole ya kasance yana da abin ci a gefe. In ba haka ba, yunwa za ta sa ya kwance ragon tun bai yi ƙiba ba, ya sayar a faɗuwa.

Wanda dalilinsa ya zauna gida kusa da iyaye, bai kamata ya kama fataucin da zai riƙa kwana a hanya ba, ko da ya fi riba. Matar da ke cikin gida tana da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa da gyaran shinkafa da ɗinki da kiwon awaki. In dalilinta shi ne ɗiyarta ta yi karatu, to ta nemi sana'ar da masu saye za su zo har gida, ko wadda za ta ba da sari. In ta ɗora wa ɗiyar talla tun safe har azahar, sana'ar ta cinye dalilin da aka kafa ta dominsa.

Haka nan saurayin da ya sayar da gonar gado ya sayi babur don yin kabu-kabu. In an tambaye shi zai ce yana son ya tsaya da ƙafarsa. Babur kuwa tsufa yake yi kullum, ga haɗari, ga ɓarayi. Gona ba ta tsufa. Da ya zauna ya auna dalilinsa, da ya ga cewa ya sayar da abin da zai tsayar da shi ɗin.

A RUBUTA SHI

Nan ne amfanin aji ya fito. Wanda ya koyi rubutu, da boko ko da ajami, yana da makamin da wasu ba su da shi. A sami ƙaramin littafi na sana'a kaɗai. A shafin farko a rubuta amsar tambayoyi uku:

1. Me ake son sana'ar nan ta yi wa gida?
2. Nawa abin zai ci?
3. Zuwa yaushe ake son a same shi?

A ƙaddara mai man gyaɗa ce ke son tara Naira 120,000 cikin shekara biyu domin kayan ɗakin ɗiyarta. Shekara biyu wata 24 ke nan. In aka raba, kowane wata Naira 5,000 ne, kowane mako kuwa kimanin Naira 1,250. Yanzu ta san inda ta dosa. In ta ga ribar mako ba ta kai haka ba bayan an cire cefane, tun da wuri za ta san abin yi: ko ta ƙara yawan gyaɗar da take sarrafawa, ko ta nemi mai sari a kasuwa, ko ta ƙara wa'adi. Tun da kaya na tashi, bayan kowane wata shida ta sake duba lissafin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A sauran shafuffuka a raba kuɗi gida uku: uwar kuɗi, abin cefane, da ajiyar dalili. Uwar kuɗi ba a taɓa ta. Ajiyar dalili kuwa a fitar da ita daga cikin ciniki, a sa a asusu ko adashi na mutanen da aka yarda da su, ko a banki, ko a mayar da ita akuya. Mai niyyar Makka ya sani cewa tun 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta fito da tsarin tara kuɗin Hajji sannu a hankali, yana iya neman bayani a ofishin alhazai. Wanda Allah ya buɗa masa har kayansa suka kai nisabi, shekara ta zagayo, kada ya manta da zakka, ɗaya cikin arba'in.

RANAR DA AKE GWADA MUTUM

Amfanin dalili yana fitowa ne ranar da aka zo wa mai sana'a da abin da ke da wuyar ƙi.

Na farko bashi. A ƙauye kowa ɗan'uwa ne. Ƙanin uba zai aiko a ba shi kwano biyu na shinkafa sai ranar kasuwa, aboki zai sha shayi ya ce a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma taimakon ɗan'uwa lada ne. Amma mai tebur ya yanka iyakar abin da zai iya bayarwa a wata, ya rubuta, in ya cika ya tsaya. Wanda ya san kuɗin makarantar marayu yake tarawa, bakinsa ba ya nauyi wajen cewa, "Kawu, a yi haƙuri, yau ba hali." Wanda bai san abin da yake tarawa ba kuwa, kunya za ta cinye masa jari.

Na biyu biki da suna da anko da gudummawa. Zumunci wajibi ne, amma daga riba ake yin sa gwargwadon hali. Uwar kuɗin da ta tafi gidan biki ba ta dawowa.

Na uku kwaɗayin riba ta haram: tauye mudu, zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a ƙasan buhu, ɗora manyan albasa a baki a ɓoye ruɓaɓɓu a ciki, surka man gyaɗa. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, akwai sura sukutum da ke ɗauke da sunansu. Wanda ke neman abin ciyar da iyali da halal, ko kuɗin zuwa ɗakin Allah, ya tambayi kansa ko algus zai kai shi inda ya nufa. Ko a nan duniya ma, mai saye sau ɗaya ake cutarsa a ƙaramin gari.

KAYA NA SAUYAWA

Riƙe dalili ba ya nufin mutum ya liƙe wa kaya iri ɗaya har ya karye. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, da fataucin goro daga Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya shiga sayen gyaɗa har ya zama babban attajirin zamaninsa. An kuma san shi da tsimi da rashin almubazzaranci. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mutanen yau sun ga irin wannan da idonsu. A farkon 2023 sauya takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, ciniki ya tsaya a kasuwannin ƙauye. A ranar 29 ga Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Mai kabu-kabu da mai injin niƙa da mai ban ruwa duk sun ji a jikinsu. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta taɓa ƙauyuka da dama a wannan yanki, ta hana wasu zuwa gona da kasuwa, ta sa kiwo ya zama abin fargaba a wasu wurare. Allah ya kawo sauƙi.

A irin wannan hali mai dalili yakan koma shafin farko na littafinsa ya tambayi kansa: wannan sana'a har yanzu tana kai ni inda na nufa? In tana kai shi, ya daure, sannu ba ta hana zuwa. In ba ta kai shi, ya kwashe abin da ya rage na jarinsa ya sa a wata tun bai ƙare ba, ba kunya a ciki. Wanda ya kama sana'a don a ce shi ma yana da shago, shi ne ke zama a shagon da babu ciniki har jarin ya narke, don gudun abin da mutane za su ce.

Haka kuma dalili yakan cika. An yi auren, an sayi injin, yaro ya gama makaranta. Ranar nan sai a yi wa Allah godiya, a buɗe sabon shafi a rubuta wani. Sana'o'i da yawa sun mutu ne bayan biki, domin mai su bai tanadi abin da zai sa a gaba ba.

A SHAWARCI NA GIDA

Dalili na mai shi ne, amma ba a ɓoye shi ga waɗanda ake zaune tare. Magidanci ya gaya wa iyalinsa abin da yake tarawa, domin su taya shi tsimi. Matar aure ta shawarci mijinta, shi kuma ya sani cewa a shari'a dukiyar mace tata ce, ba ya halatta ya taɓa jarinta sai da yardarta. Saurayi ya zauna da mahaifinsa ko maigidansa, ya kuma je wurin wanda ya daɗe a sana'ar ya tambaye shi inda ake faɗuwa. Zama wata shida a gaban gwani ana koyo ya fi a zuba jari a abin da ba a sani ba.

AIKIN WANNAN WATA

Ana roƙon kowane mai koyarwa ya keɓe darasi ɗaya domin wannan. Kowane ɗalibi ya rubuta dalilinsa da hannunsa a layi ɗaya, ya rubuta adadin kuɗi da wa'adi, a taya shi rabawa zuwa wata da mako. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya faɗa a rubuta masa a allo ya kwafa. Ba dole ne kowa ya karanta nasa a gaban aji ba, domin wani dalilin sirrin gida ne. Bayan wata uku a sake buɗe littattafan a ga inda aka kwana.

Wanda ya zo neman rance ko tallafi riƙe da irin wannan littafi, ko wurin ƙungiya ko banki ko wani ɗan'uwa mai hali, za a fi saurarensa. Wanda bai samu ba kuma, ya fara da ɗan abin da ke hannunsa, kamar yadda Abdurrahman ɗan Aufu ya fara da cuku da man shanu.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba da zaman lafiya a Tambuwal da Kebbe da ƙasa baki ɗaya.